Tukunyar Ƙamshi a Sabha

Daga Agadas zuwa Sabha hanci ba ya samun komai sai ƙura da warin fetur. An jera mu a bayan Hilux, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada gyangyaɗi ya jefar da shi. Muka wuce Dirku, muka wuce Madama, muka shiga ƙasar Libiya ta Tummo, sannan Gatrun. Hanya ce mai cin rai, kaburburan da ke gefenta sun isa shaida, kuma ba zan ba ɗan kowa shawarar ya bi ta ba.

Ni ɗan gidan turare ne. Mahaifina a Kasuwar Kurmi ta Kano ya tsufa yana auna wa mutane ƙamshi a 'yan kwalabe, mahaifiyata kuma har yau tana haɗa turaren wuta da humra. Ƙaninta ne ya daɗe a Sabha, a unguwar Gurda, shi na je dubawa. A gida in an ambaci garin nan, gidajen bashi da faɗan ƙabilu ake tunawa. Duk suna nan, ban ƙaryata ba. Amma Sabha babban birnin Fezzan ne, mai gonakin dabino da jami'a, da wani sansani da Italiyawa suka gina a kan tudu, wanda aka taɓa buga hotonsa a takardar dinari 10. Hausa kuwa a kasuwa ba sai ka nemi tafinta ba.

Tsakanin Fezzan da Kano, zumuncin turare tsoho ne. Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka Murzuk, kudu da Sabha, a 1850, ya iso Kano a 1851. Cikin kayan da ya rubuta cewa ayari na kawowa daga arewa akwai jawul da kanumfari da man wardi, wanda manya ke saye. Har yanzu haka muke: mu ne masu saye, wasu ne masu tatsa.

Kawu ya kai ni shagon wani mai kayan ƙamshi. Buhuna ne a buɗe: na'ana'a busasshiya, za'atar, iklil da ake kawowa daga duwatsun arewa, da shih, ɗan'uwan tazargaden da iyayenmu ke jiƙa wa yara. A can lungu na ga damin wata ciyawa. Na murza ta a tafi, na shinshina, sai na ce, "Kawu, ai wannan nobe ce!" Ya ce, "Ita ce, ɗana. Izkir suke ce mata." Jikina ya yi sanyi, don wannan ce ciyawar da Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe ta daga hanin cire tsirran Makka, saboda amfaninta a gidaje da kaburbura. A wajenmu tana nan a dajin Damagaram da Azbin, raƙuma na ci, mata na tafasawa.

Maƙwabciyar Kawu wata dattijuwa ce da aure ya kawo daga Tarabulus. Da ta ji sana'ar gidanmu, sai ta aiko a kira ni ranar da za ta ɗora kattara, tukunyar da suke tatsar ƙamshi da ita. Na zauna a tsakar gida tare da jikokinta, Kawu na yi mini tafinta.

Tukunyar jan ƙarfe ce mai hawa biyu. A ta ƙasa ta zuba ruwa, ta danna ganyen itir, wani tsiro mai ƙamshin wardi da take shukawa a gwangwanaye, har ya kusa cika. Ta kife ta sama, mai rufi kamar hula daga ciki, ta liƙe mahaɗin da ƙullun fulawa da tsumma don kada tururi ya sulale. A saman hular ta cika ruwan sanyi. Sai ta kunna wuta 'yar kaɗan. Tururi na ratsa ganye ya ɗauko man da ke cikinsa, ya bugi rufin nan mai sanyi, ya koma ruwa, ya gangaro ta wani siririn bututu yana ɗiga cikin kwalba. Da ruwan sama ya yi ɗumi sai ta tsiyaye shi ta sake na sanyi. Na miƙa hannu zan ƙara wuta, ta ce, "A'a, ɗana. In ka matsa masa, ƙauri zai ba ka." Kwalbar farko ta ware ta daban, ita ce mai ƙarfi. Ruwan suke ɗigawa a shayi da kayan zaƙi, su shafa wa mai zazzaɓi a goshi.

Ta ɗaga kwalbar ta nuna mini wani siririn zobe mai ruwan ɗorawa yana yawo a wuyanta. Wannan shi ne man, asalin abin da ake nema. Galibin ganyayen ƙamshi, kilo 100 da ƙyar yake ba da kilo 1 ko 2 na mai. Wardi kuwa rowa gare shi ƙwarai: sai an tara furen da ya haura kilo 3,000 kafin a sami kilo guda. Nan na gane cewa "man wardi" mai arha da muke sayarwa haɗin kamfani ne. Ba haramun ba ne sayar da shi, amma haƙƙin mai saye ne a gaya masa abin da ya saya.

Man nan ba abin wasa ba ne. Ba a shafa shi tsagwaronsa sai an sirka da man zaitun ko na riɗi, in ba haka ba ya ƙona fata. Na shih yana da guba in an sha, mai juna biyu kuwa ko kusa. A kwalba mai duhu ake ajiye shi, nesa da rana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ilimin nan ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tatsarsa. Mu kuma muna da kajiji da jema da nobe da ɗoɗɗoya, ga na'ana'a a fadamun Kano. Mun iya ƙona su a kasko, mun iya jiƙa su a humra, matan Barno ma sun kai wannan fanni maƙura. Tatsar ce muka bari, alhali maƙeran da ke zuba tukwane a garuruwanmu ba za su kasa ƙera kattara ba.

Kafin in taso na roƙi dattijuwar nan izini, na auna tukunyarta da zare, na zana kowane sashe a takarda, don in sa a ƙera mini irinta a gida. Da na'ana'a da nobe zan fara, don su cikin 'yan sa'o'i suke sakin mansu. Saiwar jema tauri gare ta, sai an daddatsa an jiƙa, ta kwana ta wuni a kan wuta kafin ta ba da nata.