Ranar da aka ba ni usur

In an gama maimai, samarin ƙauyukanmu na Garagumsa sukan yi gasar kofin ƙwallo. Dokarta guda ce: wanda aka ci ya koma gida, sai baɗi. Haka ake yi a kofin ƙasa, inda ƙaramar ƙungiya kan kara da babba irin Espoir ta Damagaram.

Bara ni aka ba usur, wai don ni malami ne. Garinmu ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Kowane gida ya ba da tiya guda ta hatsi, aka saya wa yara riguna.

Saura minti 5 a tashi, ƙanena ya zura ƙwallo. Gari ya ɗauki sowa. Amma da hannu ya tura ta, na kuwa gani. Na busa, na ce babu ci. Aka tafi fanareti, aka fitar da mu.

Kwana 3 bai sa hannu a akushi ɗaya da ni ba. Sai Baba ya kira mu, ya tambaye shi: "Da hannu ne ko da ƙafa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce: "Da hannu ne, Baba."

Bana ƙauyukan sun sake aiko mini da usur.