Agogon masu nutso: a duba sarƙar kafin a karanta mitocin

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar shafin nan sun san ra'ayina kan kayan tsada: ba ni da matsala da mutum ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka, matuƙar ya san abin da yake saya. Abin da ya tayar mini da wannan rubutu shi ne tallace-tallacen agogunan masu nutso da suka cika mana waya kwanakin nan. Dillali zai ɗaga agogo gaban kyamara, ya juya zoben samansa ya yi ƙaras-ƙaras, ya karanto rubutun da ke fuskarsa, wai wannan yana jure mita 300 a ƙarƙashin teku, wancan mita 600, sai masu sharhi su hau tafi. Da wuya ka ga wanda ya ce a kifa agogon a nuna masa sarƙar da makullinta. Alhali a nan ne ake gane kamfanin da ya mutunta mai saye da wanda ya sayar masa da suna kawai. Mitocin nan mutum zai rayu ya mutu bai kusance su ba, amma sarƙar tana manne da fatarsa tun daga asuba har ya kwanta.

Ban ce lambar zurfin ƙarya ba ce, tana da tarihi mai daraja. A 1953 kamfanin Blancpain ya fito da Fifty Fathoms, wanda aka tsara tare da sojojin nutso na Faransa, su Bob Maloubier da Claude Riffaud, kuma sunan kansa ma'aunin zurfi ne da ya kai wajen mita 91. A shekarar ne kuma Rolex ya ƙera Submariner na farko mai jure mita 100. A zamanin, mai nutso ya dogara ne kan agogonsa don ya san mintocin da ya yi a ƙasa, domin iskar tukunyarsa tana ƙarewa, kuma idan ya daɗe ya taso da gaggawa jininsa na iya yin kumfa ya nakasa ko ya mutu. Dalilin zoben nan mai juyawa ke nan, shi ya sa kuma ake yin sa ya juya ta gefe ɗaya tak, don in ya bugu da wani abu ya goce, lissafin da zai bayar ya sa mutum ya fito da wuri. Amma tun daga shekarun 1980 ƙaramar kwamfutar nutso ta fara karɓe wannan aiki, yau kuma kusan duk mai shiga teku da gaske ita yake ɗaurawa. Sannan iyakar da ƙungiyoyin horar da masu nutson nishaɗi suka gindaya mita 40 ce. To agogon da aka rubuta masa mita 3,900, kamar Deepsea na Rolex, gwaninta ce ta injiniyoyi wadda ta cancanci yabo, sai dai ba ta ƙara wa mai ɗaura shi komai a ranar aiki ko ranar ɗaurin aure.

Abin mamaki, su kansu masu kafa ƙa'ida ba su raina sarƙa ba. Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6425 da ya fayyace abin da ya cancanci a kira agogon nutso. Ya ce dole ya jure aƙalla mita 100, a gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, a iya karanta shi a cikin duhu daga nisan santimita 25, ya jure ruwan gishiri. A cikin sharuɗɗan kuma akwai jan maɗaurin da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20 a ga ko zai ɓalle. Sun san cewa duk ingancin agogon, abin da ke riƙe da shi a hannu wasu 'yan tsinkayen ƙarfe ne guda biyu masu sifirin a ciki, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ɗaya ya saki, agogon dala dubu goma ya tafi ƙasan ruwa ko ya daki siminti. Wannan tsoron ne ya sa maɗaurin zaren nailan da sojojin Birtaniya suka fara amfani da shi a 1973 ya karɓu wurin masu nutso: yana ratsawa ta ƙarƙashin tsinkayen biyu, in ɗaya ya karye ɗayan ya riƙe. Wanda ya san doki ya san cewa komai kyan ingarma da sirdinsa, in majayi ya ruɓe mahayi yana ƙasa.

Ku dubi abin da sarƙa ke fama da shi a yini guda. Wuyan hannun ɗan Adam ba ya zama kan girma ɗaya. Da sanyin safe yana ramewa, rana ta take ya kumbura, bambancin 'yan milimita ne amma jiki yana jin sa. Agogon nutso na ƙarfe kuwa yana da nauyi, wajen giram 150 da sarƙarsa. In sarƙar ta yi sako-sako kan agogon zai riƙa zamewa yana bugun ƙashin hannu, in ta matse ta bar shaida a fata, gumi ya taru a ƙarƙashinta. Tsofaffin makullai suna da 'yan huji uku ko huɗu a gefe, sai an nemo tsinke an tura kafin a matsar, abin da ba wanda zai tsaya yi a tsakiyar kasuwa. Makullin Glidelock da Rolex ya shigo da shi a 2008 yana ba da damar faɗaɗawa har kusan milimita 20, ana matsarwa milimita 2 a kowane taki, da yatsa kawai ba da wani kayan aiki ba. Tudor Pelagos na 2012 ya zo da makulli mai sifirin da ke miƙewa ya dawo da kansa, an yi shi ne saboda rigar robar mai nutso tana motsewa idan ruwa ya matse ta, amma wanda ke zaune a gari mai zafi ya fi kowa cin moriyarsa. Irin wannan tunanin ne nake kira inganci. An zauna an lura da yadda jikin mutum yake, aka kashe kuɗi wajen magance matsalar da zai haɗu da ita kullum.

Haushina kuwa shi ne yadda manyan kamfanonin nan suka ɗauki shekaru suna karɓar kuɗin alfarma suna ba da sarƙar da ba ta kai ba. Submariner na ƙarfe ya zauna da gaɓoɓin tsakiya masu rami a ciki da makulli na siririn ƙarfe da aka buga da inji har zuwa 2010, lokacin da sabon samfuri ya zo da gaɓoɓi dunƙulallu da makullin da aka sassaƙa daga curin ƙarfe. Kafin nan wanda ya biya dubban daloli yana girgiza hannu sarƙar na ƙara, masoya kamfanin kuma suna kare ta wai sauƙin nauyi ne. Tudor ma da ya fito da Black Bay 58 a 2018, agogo mai kyan gaske, ya yi wa gefen sarƙarsa wasu kawunan ƙusa na ado don ta yi kama da ta shekarun 1950, alhali ba sa riƙe komai, makullin kuma ba shi da hanyar faɗaɗawa nan take. An kashe ƙoƙari wajen kwaikwayon tsufa, an bar abin da hannu ke buƙata. Daga baya kamfanin ya ƙirƙiro makullin T-fit mai matsawa har milimita 8, na kuma yaba masa. Amma gyaran kansa shaida ne cewa ƙorafin masu saye yana kan gaskiya tun farko, kuma da sun ci gaba da tafa wa mitoci kawai ba za a gyara ba.

Ɗan abin da na sani na aiki, ga shi. Idan an ce sarƙa ta "miƙe", ƙarfen bai miƙe ba, tsinkayen da ke haɗa gaɓoɓi ne suka cinye, ramukansu suka faɗaɗa. Abin da ke cinye su ƙura ce da gumi, su haɗu su zama kamar garin wasa wuƙa a tsakanin gaɓoɓi, kuma wanda ya san hunturun ƙasarmu ya san ƙura ba ta da wuyar samu. Maganin mai sauƙi ne: a tabbatar an murɗe maɓallin saiti ya kulle, a wanke sarƙar da ruwa mai ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a daina barin ta tana lilo a hannu domin lilon ne ke saurin cin tsinkaye. Wajen sayen na hannu, a riƙe kan agogon a kwance ta gefe a ga yadda sarƙar ke lanƙwasowa ƙasa. In ta sunkuya sosai ta sha aiki. A duba gaɓar ƙarshe inda ta haɗu da jikin agogo, ko ta zauna daram ko akwai giɓi. A duba ko sukurori ne ke haɗa gaɓoɓin ko tsinkayen turawa, kuma in sukurori ne a ga ko wani mai gyara ya lalata kawunansu. Maganar nau'in ƙarfe kuwa, Rolex na amfani da 904L, mafi yawan sauran kuma 316L. Na farkon ya fi jure gishiri da tsatsa, amma na biyun ma ya wadatar, kuma duka biyun suna karcewa. Kada wani ya ƙara muku kuɗi mai yawa kan wannan lambar ita kaɗai.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ai kuɗin injin ake biya, sarƙa kuwa rakiya ce. Injin yana da daraja, ban musa ba, haɗa ƙananan ƙarafa sama da ɗari su riƙa bugawa shekara da shekaru ba batir aiki ne na ƙwararru. Amma a yi adalci wajen lissafi. Hukumar COSC ta Suwizalan tana ba agogo shaidar daidaito idan bai yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce daƙiƙa 6 a rana ba, Rolex kuma yana alƙawarin daƙiƙa 2. Agogon batir na talaka yakan kauce da kamar daƙiƙa 15 ne a wata guda. Saboda haka ba don sanin lokaci ake biyan wannan kuɗi ba, ana biya ne don kyan aiki da daɗin ɗaurawa. In kuwa kyan aiki ake saya, ba hujjar da za ta sa ya tsaya a cikin inji da ba a gani, ya bar ɓangaren da ake taɓawa kullum.

Wani kuma zai ce jari ne, ko yaya sarƙar take gobe zai sayar da riba. Ku tuna yadda farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo har farkon 2022, sannan ya riƙa gangarowa, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Samfura ƙalilan ne ke riƙe darajarsu, saura da zarar sun bar kanti sun faɗi. Ko a kasuwar na hannun ma, agogon da sarƙarsa ta cinye ko gaɓoɓinta suka ɓace kuɗinsa yana raguwa, domin sabuwar sarƙa ta asali ita kaɗai tana iya haura dala dubu. Mai lissafin jari ya fi kowa buƙatar ya kifa agogon ya duba.

Akwai kuma masu cewa wannan hassada ce ta wanda bai da shi, ko kuma me ya haɗa mutumin da ke nesa da teku da agogon nutso. Ga na farko, ban zagi kowa don ya saya ba, kare kuɗinsa nake yi. Ga na biyu, agogon da aka ƙera ya jure ruwa da bugu yana da amfani ga mai alwala sau biyar a rana da mai hawa babur cikin damina, kuma Seiko ya tabbatar da cewa ba sai an yi arziki ba: SKX007 da ya fito a 1996 ya cika sharuɗɗan nutso na mita 200 a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Sarƙarsa mai rauni ce, kowa ya sani, amma a kan wannan kuɗin ana iya yafewa. Wanda ya karɓi ninkin kuɗin sau talatin ba shi da wannan uzurin.

Masu cewa kuma ana fama da tsadar abinci ina maganar agogo, na ji ku, kuma kuna da gaskiya a wani ɓangare. Dukiya amana ce, za a tambayi kowa ta ina ya samo kuma ina ya kashe. Addininmu bai hana ado ba, amma ya hana almubazzaranci da fariya, ya kuma haramta wa namiji sanya zinare, abin da ya kamata masu sha'awar samfuran zinare ko masu ruwa biyu su tsaya su yi tunani a kai. Wanda ya sayi agogo don a karanta sunan kamfani a hannunsa a wurin taro, shi ne ba ya damuwa da sarƙa, domin ba don kansa ya saya ba, don idon mutane ne. Shi ne kuma abincin masu jabu, tunda fuska da rubutun mitoci su ne mafi sauƙin kwaikwaya. Wanda ya saya don ya yi amfani da shi shekara ashirin ya bar wa ɗansa, tambayoyinsa daban ne, kuma kuɗinsa ba ya tafiya a banza.

Don haka ina roƙon duk mai niyyar saye, sabo ko na hannu, kada ya biya kafin ya ɗaura agogon a hannunsa na 'yan mintoci, ya buɗe makullin ya rufe, ya gwada faɗaɗa shi da yatsa, ya ƙirga gaɓoɓin da aka cire a ba shi su a hannu. In ta waya ake cinikin, ya ce dillali ya turo bidiyon bayan agogon da makullin a buɗe. Dillalin da ya ƙi, a bar masa kayansa.