Tsadar ɓoye zamani a ƙauyen Bampton

Wanda ya kalli wasan talabijin na Downton Abbey zai rantse a Yorkshire aka ɗauke shi, can arewacin Ingila. Ƙauyen da ake nunawa kuwa Bampton ne, a yankin Oxfordshire. Da na sauka a can, motoci na tarar jere a bakin titi, ga kwandunan shara na roba, ga eriyar talabijin a kan rufi. Labarin wasan ya faro ne daga 1912, shekarar da jirgin Titanic ya nutse, don haka duk waɗannan sai sun ɓace kafin a kunna kyamara.

Lokacin ɗaukar wasan, ta nan kuɗin ke zurarewa. Gidajen dutse da cocin St Mary sun tsufa da kansu, kyauta. Abin da ake biya shi ne kawar da kayan yau: a lallaɓa mazauna su janye motocinsu, a nemi izinin rufe hanya, a lulluɓe alluna, a baɗe zanen kwalta da tsakuwa, sannan a yi hayar tsofaffin motoci da dawaki, kowanne da mai kula da shi. Jirgin sama na giftawa mai ɗaukar sauti zai ɗaga hannu, ma'aikata su yi cirko-cirko har ƙarar ta wuce, kuɗin kowa kuma na tafiya.

Babban gidan da ke cikin wasan shi ne Highclere, a Hampshire, mallakar iyalin Carnarvon, kuma har yanzu suna zaune a ciki. Gidan aro ba a buga masa ƙusa. Kujerun da zane-zanen bango na gado ne, sai ka ga ƙato riƙe da fitila yana takawa kamar a kan ƙwai. Abin da ya fi ba ni dariya madafa ce. Ƙasan gidan, inda madafar take a da, ya daɗe da sauya kama. Kayan tarihin Masar ake nunawa a wurin, domin wani kakansu ne ya ɗauki nauyin tonon da ya gano kabarin Tutankhamun a 1922. Dole aka gina madafar da ɗakunan barori a sutudiyon Ealing da ke Landan. Bara zai ɗauko faranti a Landan, sai bayan makonni ya ajiye shi a teburin Hampshire, kuma akwai wanda ake biya don ya tabbata gashin kansa da abincin ba su canza ba.

An ruwaito cewa kowane kashi ya ci wajen fam miliyan 1 lokacin da tashar ITV ta fara nuna shi a 2010. A ganina masu gidan ne suka fi kowa dacewa: kafin wasan gyara ya sha musu kai, yanzu baƙi na sayen tikiti tun kafin ranar zuwa.