Mai Kaza a Aljihu: Darasin Wirecard ga Masu Hannun Jari

A kasuwar hannun jari akwai ’yan kasuwar da ribarsu ke zuwa daga faɗuwar wani. Mutum ya ari hannun jarin kamfani, ya sayar a farashin yau, ya jira. Idan farashi ya faɗi, sai ya saye shi da arha, ya mayar wa mai shi, abin da ya rage ya zama nasa. Idan kuwa ya tashi, asararsa ba ta da iyaka. Saboda haka masu sayar da hannun jarin aro sukan tone littattafan kamfani fiye da kowa, sannan su bayyana wa duniya abin da suka gano. Ba abin mamaki ba ne shugabannin kamfanoni su tsane su. Abin tambaya shi ne yadda ya kamata a amsa musu.

Jamus ta biya kuɗin wannan karatu da tsada. A 2016 wani rahoto mai suna Zatarra ya zargi Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi ta intanet, da almundahana. Jaridar Financial Times ma ta yi shekaru tana bin sawunsa. Maimakon ya buɗe asusu a gani, kamfanin ya maka jaridar a kotu, ya ce makirci ne na masu neman karya farashi. A 2018 ya shiga jerin DAX na manyan kamfanonin ƙasar, a gurbin Commerzbank. A Fabrairun 2019 hukumar BaFin mai sa ido kan harkokin kuɗi ta hana irin wannan ciniki a kan Wirecard na wata biyu, daga baya ta kai ƙarar ’yan jaridar gaban masu gabatar da ƙara. Masu hannun jari suka tafa.

A watan Yunin 2020 masu binciken kuɗi na EY suka ƙi sa hannu a lissafin shekara, domin ba a ga yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin ba. Bayan kwana huɗu kamfanin ya amsa cewa da alama kuɗin babu su. Ranar 25 ga watan ya bayyana karyewa. Hannun jarin da ya haura yuro 100 ya dawo ƙasa da yuro 5 cikin ’yan kwanaki. Waɗanda suka tafa su ne suka wayi gari da takardun banza.

Mai zargi ba kullum yake cin nasara ba. A 2012 Bill Ackman ya zuba kimanin dala biliyan ɗaya a kan faɗuwar Herbalife. Kamfanin ya biya dala miliyan 200 a sulhu da hukumomin Amurka a 2016, ya gyara tsarin kasuwancinsa, ya tsira, Ackman ya fice da asara a 2018. Zargin na da ƙamshin gaskiya, amma gyara ya riga rushewa.

Aikin kamfani ke nan: ya ɗauki zargi ɗaya bayan ɗaya ya amsa da hujja, ya gayyato masu bincike masu zaman kansu, ya wallafa rahotonsu duka, ya gyara inda aka kama shi. Idan an yi masa ƙazafi da gangan, kotu tana nan, amma bayan ya nuna lissafinsa.

Aikin mai hannun jari ya fi wuya, domin sai ya yaƙi son zuciyarsa. Kowa ya san mai zargin riba yake nema. Haka ma shugaban da ke kare kujerarsa. Sanin manufar mai magana bai warware komai ba. Ya karanta rahoton da kansa, ya ware abin da za a iya tantancewa, kamar kuɗi a banki da sunayen abokan ciniki, ya tambayi hukumar gudanarwa a taron shekara. Sannan ya lura da irin amsar. Shugaban da aka tambaya ina kuɗi, ya koma bayar da tarihin mai tambaya, ya riga ya faɗi abu mai yawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.