Mabuɗin Akwatin Gidanmu

A watan Janairu na sayi ɗan akwatin nan mai rarraba intanet cikin gida, wanda yara ke kira rauta. Saboda 'yata ta fari na saye shi, gama tana shirin jarrabawar JAMB. Na zuba data ta wata guda. Cikin kwana 11 ta ƙare.

Da na bincika, ashe autanmu ne ya juya akwatin, ya karanta kalmar sirrin da kamfani ya manna a gindinsa, ya faɗa wa abokinsa. Abokin kuma ya faɗa wa wansa. Kowace yamma sai in ga samari sun jingina da katangarmu, kowa kansa a sunkuye. Ni kuwa ina tsammani inuwar dalbejiya suke sha.

Sai na zauna domin in sake kalmar. Na buga 192.168.0.1 a waya, yadda takardar akwatin ta nuna, na rubuta sunan ƙauyenmu. Akwatin ya ƙi. Tsarin tsaron da yake bi, WPA2, wanda ya fito a 2004, ba ya karɓar kalmar da ta gaza baƙaƙe 8 ko ta wuce 63. Sunan ƙauyenmu kuwa 6 ne. Na rubuta "ƙofarɗaki". Ya sāke ƙi, gama baƙaƙen Turanci da lambobi da alamomi kaɗai ya sani. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Shekara 20 ina jan kunnen yara su sa wa ƙ da ɗ ƙugiyarsu, ga akwati yana cewa in cire!

A ƙarshe na haɗa kalmomi huɗu waɗanda ba su da dangantaka da juna, na sa lamba a tsakani. Hukumar ma'aunai ta Amurka ta nuna tun 2017 cewa tsawon kalma ya fi tarkacen alamomi amfani. Mai karatu, ka lura kuma, babban B da ƙaramin b ba ɗaya ba ne a wurin akwatin. Uwargida ta yi ta fama da wannan har tuwo ya huce.

Kwana biyu bayan haka maƙwabciyarmu ta yi sallama. Mijinta ya rasu bara, ɗanta kuma jarrabawar nan ɗaya zai rubuta da 'yata.

"Malam, yaron ya ce abin ya daina kama wayarsa."

Kunya ta hana ni tambayarta wa ya ba shi tun farko. Na ce ya kawo wayar, na buga kalmar da hannuna, ban faɗa masa ba.

Da suka tafi, auta ya ce, "Baba, ai wayarsa tana iya nuna wa wani kalmar."

Na ce na sani. Yanzu kowace Asabar nakan duba jerin wayoyin da ke kan akwatin. Shida ya kamata su zama. Asabar da ta wuce na ƙirga bakwai, har yau kuwa ban yi wa kowa magana ba.