Kaskon Ruwan Gwaggo

Masu karatu, kada ku yi mamaki in kun ga yau na ci shafi guda a kan kyanwa, alhali ga tsadar hatsi ga sauran matsaloli suna jiran mai magana. Bashi ne a wuyana, kuma tun bazarar 2021 nake neman inda zan sauke shi.

A Gidan Sori, kamar sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji, ba a sayen kyanwa. Roƙonta ake yi. In ɓera ya dame ka, sai ka aika yaro gidan da aka ce mussa ta haihu, a sako maka ɗaya cikin kwando. Ni ma ɓera ne ya tashe ni. Na zuba wake cikin buhunan nan masu ciki uku da aka soma yaɗawa a 2007, waɗanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana musu iska. To amma da zarar ɓera ya yi wa ledar huda ɗaya, aikin ya tashi a banza. Sai na nufi wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune ita kaɗai a bakin gari. Gidanta shi ne masaukin kyanwoyin da ba su da kowa. Wanda ya rasa yadda zai yi da ƴaƴan kyanwa yakan lallaɓo da dare ya ajiye su a gindin dangarta, ita kuwa ba ta taɓa tambayar wa ya kawo ba.

Da na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kana da kasko?"

Na ce, "Kaskon me, Gwaggo?"

Ta ce, "Na ruwa. Kowa ya zo nan ɓera ne ya koro shi. Babu mai tambayata abin da za ta sha."

Na yi dariya, na ce ai kyanwa ba akuya ba ce. Ba ta taya ni dariyar ba. Ta ce in dawo bayan mako uku, domin ba su gama shan nono ba. Likitocin dabbobi ma haka suke cewa: kada a raba ɗan kyanwa da uwarsa kafin mako takwas.

Abin da tsohuwar nan ke yi a bayan danga, a wasu ƙasashe gidaje ake ginawa dominsa. A birnin Landan akwai gidan Battersea, wanda aka kafa a 1860 saboda karnuka marasa gida, ya soma karɓar kyanwoyi a 1883. A Faransa ƙungiyar SPA tana nan tun 1845, kuma lokacin zafi ne gidajenta suka fi cika, domin a lokacin ne mutane ke tafiya hutu su yar da dabbobinsu. Tun watan Oktoba na 2022, wanda zai ɗauki kare ko kyanwa a can sai ya sa hannu a wata takardar alkawari, ya kuma jira kwana bakwai. Da na ji haka ban ga baƙon abu ba. Tambayar Gwaggo ce aka buga a takarda.

Na cika alkawarin kasko wata da watanni. Kyanwar ta girma, ɓeraye suka yi ƙaura, har ta haifi ƴaƴa huɗu a bayan buhunan, cikin ɗakin ajiya mai rufin kwano. Azumin 2021 kuwa ya kama ne a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Maraɗi yakan kai digiri 40 har ya haura. Ana cikin haka aka yi mini waya cewa ƙanena na kwance a asibiti a Maraɗi. Uwar gida ta ce ƙafata ƙafarta, yara aka kai su gidan kakarsu. Na ja ƙofar ɗakin ajiya na danna kwaɗo saboda ɓarayi, ban leƙa ba. Kwana ɗaya na yi nufin yi. Muka yi uku.

Da na buɗe ƙofar, zafin da ya bugi fuskata kamar na bakin tanda. Uwar tana kwance a bakin dokin ƙofa, inda ƴar iska ke shigowa, baki buɗe tana haki. Ƴaƴa uku sun riga sun sandare. Uwar gida ta jiƙa tsumma da ruwan randa tana shafa mata a ciki da tafin ƙafa, muka kai ta inuwar bedi, muna ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan. Ba ta kai asuba ba.

Daga baya wani ma'aikacin kiwo ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun farko. Kyanwa ba ta zufa a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Lasar gashinta da neman wuri mai sanyi su ne dabararta. Kare yakan yi haki ya warware, amma in ka ga kyanwa tana haki, to abin ya yi nisa. Mai shayarwa kuma ta fi kowa bukatar ruwa. Ya ce ƙishirwa ce ke jefa su cikin rijiyar da ba murfi da randar da aka bari a buɗe. Ya ƙara da abu biyu: ɓeran da ya ci guba yana iya kashe kyanwar da ta ci shi, sa'an nan farasitamol, wanda muke haɗiya kamar goro, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka ta.

Ɗayan da ya rage na naɗe shi a hula na kai wa Gwaggo. Na shirya wa faɗa, ba ta yi ba. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Da azumi a bakinka?" Mu da muke ƙirga sa'o'i muna jiran a sha ruwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya ji hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Ni ma na ji shi tun ina yaro, na ɗauka labarin wata muguwa ce can. Gwaggo ta goga ɗan da tsumman da wata kyanwarta mai jego ke kwanciya a kai, ta cusa shi cikin ƴaƴanta. Uwar ta sansana shi, ta soma lasa.

Ashe mace ce. Bayan wata biyu Gwaggo ta mayar mini da ita, ba tare da ta tambaye ni komai ba, abin da ya fi mini tambayar ciwo. Na yanke ƙasan ƙofar ɗakin ajiya daidai shigar kyanwa, na ajiye kasko biyu, ɗaya a gindin randa ɗaya a inuwar rumbu.

Bana ta sake haihuwa. Shekaranjiya maƙwabcina ya aiko ɗansa da kwando, wai ɓera ya cinye masa irin gujiya. Na ce wa yaron ya gaishe mini da babansa, ya gaya masa saura mako biyu, kuma ya zo da kansa, ina da tambaya.