Kampala: Garin Tuddai Da Masu Ziyarar Marasa Lafiya

Kampala shi ne babban birnin ƙasar Uganda, kusa da Tabkin Biktoriya. Daga filin jirgin sama na Entebbe zuwa cikin gari kamar mil 25 ne. Ƙasar ja ce, ga gonakin ayaba dama da hagu, gama ɗanyar ayaba dafaffiya, wadda suke kira matoke, ita ce tuwonsu. Garin kuwa a kan tuddai yake. A tudun Namirembe akwai babbar majami'ar Angilikan, a Rubaga ta 'yan Katolika, a Kibuli kuma masallaci. 'Yan acaɓa, waɗanda suke ce wa boda-boda, suna ta hawa da sauka kamar tururuwa.

Wannan gari yana da tarihi a kan yaƙi da ciwon daji, wato sankara. A shekara ta 1897 wani likitan mishan, Albert Cook, ya kafa asibitin Mengo. A asibitin Mulago kuma wani likita mai suna Denis Burkitt ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi, ya bincika, ya rubuta bayanin ciwon a 1958. Har yau da sunansa ake kiran ciwon, akwai shi kuma a ƙasarmu. A 1967 aka buɗe cibiyar ciwon daji a tudun Mulago.

Amma abin da ya kai mu shi ne wani gida a unguwar Makindye, mai suna Hospice Africa Uganda. Likita Anne Merriman ce ta fara aikin a 1993. Mutuniyar Ingila ce, ta kuma yi aikin mishan a Nijeriya tun tana da ƙuruciya. Ta rasu a 2025. Ta ga cewa yawancin masu sankara ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, sa'an nan a sallame su, su koma gida suna kuka dare da rana. Sai ta ce ko da ba a iya warkar da mutum ba, ana iya kwantar masa da zafin ciwo. Aka riƙa dama garin magani mai suna mofin da ruwa, a zuba a kwalba, mai ciwo ya sha a gida bisa awo. A 2004 gwamnatin Uganda ta yarda nas-nas da aka koya wa aikin su rubuta wannan magani, domin likitoci ba su isa ba.

To, amma nas ba ta san kowane lungu ba. Wa zai gaya mata akwai wata tsohuwa kwance a bayan gonar ayaba? Nan ne aikin masu sa kai ya shigo. Mutanen unguwa ne, manoma da 'yan kasuwa da malaman makaranta, Kirista da Musulmi. Akan ba su ɗan horo, su koma cikin jama'arsu. Su ne suke nemo marasa lafiya, su sanar da ma'aikata. Su ne kuma suke koya wa iyali yadda za a wanke gyambo, da yadda za a riƙa juya wanda ya daɗe a kwance domin kada bayansa ya saluɓe.

Mun bi ɗaya daga cikinsu zuwa wani gida mai ɗaki biyu. Uwar gidan ce take kwance da sankarar nono. 'Yarta, wadda ba ta wuce shekara 13 ba, ta bar makaranta domin jinya da girki. Mai ziyarar ba ta yi dogon wa'azi ba. Ta share ɗaki, ta ɗebo ruwa, ta duba ko maganin ya kusa ƙarewa, ta zauna ta riƙe hannun matar tana sauraronta. Da muka fito ta ce mana, ciwon mutum ɗaya yake kamawa, amma gida duka yake kayarwa. Kuɗin magani ya cinye akuya da keken ɗinki, gona ta zama saura, maƙwabta kuma sun ja jiki don tsoro.

Ya mai karatu, ashe wannan labari baƙo ne a gare mu? A garuruwanmu ma akwai gidajen da sankara ta shiga. Waɗansu suna ce da ita sammu ko maita, har a ɓoye mai ciwo a ƙuryar ɗaki. Bari mu sani, sankara ba ta kama mutum ta wurin gaisuwa, ko cin abinci tare, ko wanke wa mai ciwo tufafi. In kuwa an gane ta da wuri, sau da yawa akan yi nasara a kanta. Saboda haka wadda ta ji kulluto a nono, ko ta ga jini yana zuwa ba a lokacinsa ba, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti. Maigida kuma ya raka ta.

Ba sai muna da gini ko mota ba kafin mu soma. Zumuntar mata tana iya raba kwanaki, yau wannan ta kai tuwo, gobe waccan ta yi wanki. Samari su yi gayya su nome gonar mai jinya. Dattawan ikilisiya su ware wani abu daga cikin baiko domin kuɗin mota zuwa babban asibiti, su kuma tabbata yaran gidan ba su bar makaranta ba. Mai ziyara ya riƙe asirin gidan da ya shiga, kada kuma ya yi alkawarin warkarwa wadda ba a hannunsa take ba. Kada mu tambayi addinin mai ciwo kafin mu taimake shi, gama Basamariyen nan bai tambaya ba. In rai ya yi halinsa, kada ziyara ta ƙare ranar jana'iza, domin a lokacin ne gwauruwa da marayu suka fi bukatar mu.

Ubangiji ya ba mu idon ganin maƙwabcinmu da ƙafar zuwa wurinsa. Amin.